Rayyis Usmanu da Kifayensa na Itace

Mu biyar ne a ɗakin ranar. Ni Kulu, ƙanwar mamacin, ciki ɗaya. Zulai matarsa, tana bayan labule tana takaba, ba a ganin komai nata sai yatsun ƙafa. Ɗansa Abdurrahman, direban wani gida a Abhur, can bakin teku a nan Jidda, wanda ya tara gemu yanzu yake so a riƙa ce masa Abu Usman, ni kuwa Dahum nake ce masa tun ina wanke masa kashi, kuma ban ga abin da ya canza ba. Ƙanwarsa Suwaiba, wadda ko a gidan makoki hannunta bai rabu da waya ba. Sai Malam Babikir, Bahaushen Sudan, limamin masallacinmu na Karantina kafin a rushe unguwar. Shi ya yi wa Yaya wanka, shi kuma aka kira ya raba abin da ya bari. Akwai kuma zarto. Dahum ne ya shigo da shi cikin leda, ya jingine bayan ƙofa, a zatonsa ban gani ba. Ni ba a shiga da abu ɗaki in kasa gani.

Abin rabon ma dai ba wani abu ba ne. Riguna, firiji, agogon hannu da ya riga mai shi tsayawa. Sai kifayen. Bango guda, daga sama har ƙasa, kowanne a kan ƙusarsa, duk sun zuba mana ido.

Ku da kuka san Yaya Usmanu ba sai na gaya muku ba. Wanda bai san shi ba, to, kifayen itace ne, irin waɗanda masuntan zamanin da suke sassaƙawa da hannunsu. Wani tsawon yatsa, wani ya kai kamu. A yi masa ido da wuri ko da kan ƙusa, a zuba masa dalma a ciki don ya nutse, a rataya masa ƙugiya a ciki da wutsiya. Sai a ɗaura shi a zare a ja shi cikin ruwa, babban kifi ya hango ya zaci abinci ne, ya kawo baki. Abin yaudarar kifi ke nan. An yi shi don kifi, ya zo ya yaudari yayana shekara arba'in.

In ka miƙa wa Yaya ɗaya, ba dubawa zai fara yi ba. Shinshinawa zai yi tukuna. Sannan ya ɗan cije shi, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, ya ce, "Katakon jirgi ne, Kulu. Ya sha gishiri." Haƙoransa na gaba a kan wannan aikin suka tafi. Kuma ba a taɓa ganinsa aljihu babu kifi ba. Zulai ta gaji da ɗinki har ta koma yi masa aljihu da ƙyallen buhu, duk da haka bai hana ba. Wata Juma'a ƙugiya ta huda aljihun a cikin sahu, ta kama rigar wani Bayamane mai gasa burodi da ke kusa da shi. Malam Babikir ne ya ba ni labari, shi kuwa ba ya ƙari. Ana sallamewa mutumin ya yunƙura zai tashi, sai ya ji ya tashi da wani a jikinsa. Ya ƙwala ihu, don ƙugiyar ta wuce riga.

Yaya ya ce, "Kada ka ja! Ya shekh, don Allah kada ka ja, za ka lanƙwasa mini ƙugiya!"

"Cinyata fa?"

"Cinya tana warkewa. Wanda ya ƙera wannan ya mutu tun ba a haife ka ba."

A iya sanina, Bayamanen nan shi ne abu mafi girma da Yaya ya taɓa kamawa. Shi ne ma kaɗai.

Don kuwa mai wannan tarin kayan su bai taɓa yin su ba. Tsoron teku yake yi, tsoro mai muni. Kakanmu da ya haye daga Sawakin zuwa aikin hajji a jirgin iska ya cika mana kunne da labarin igiyar ruwa muna yara. Ni na ji na manta, Yaya ya ji ya riƙe. Duk rayuwarsa a sito yake aiki a tashar jiragen ruwa, amma ko abinci zai ci sai ya ba teku baya.

To, sai ku ce ina ya samo sunan Rayyis, shugaban jirgi? Akwai wani tsohon masunci, Amm Salim, yana da wani kifin itace mai jan kai da Yaya ya ƙwallafa wa rai. Ya bi tsohon nan, ya kai masa shayi, ya kai masa man zafi na gwiwa, har ya gundure shi. Ranar nan tsoho ya ce, "Na ba ka. Amma yana cikin huri, ka shiga ka ɗauka da hannunka. Kifin nan ba ya zama wurin wanda bai taɓa hawa ruwa ba." Huri ɗan kwale-kwalen nan ne siriri, kuma a ɗaure yake a jikin turke, a ruwan da bai kai gwiwa ba.

Wallahi sai da Yaya ya dawo gida ya yi alwala, ya yafe wa Zulai, ya zo gidana ya ce in yafe masa. Na ce, "Ina za ka?" Ya ce, "Bahar." Na bi shi, don irin wannan ba a ba ni labarinsa.

Ya sa ƙafa ɗaya, huri ya motsa. Ya sa ta biyu, sai kawai ya kife rub da ciki, ya rungume gefe da gefe, yana kalmar shahada da ƙarfi. Duk wake da burodin da ya ci da safe ya mayar wa kifaye.

"Ku mai da ni gaɓa! Ya jama'a, ku mai da ni gaɓa!"

Amm Salim ya ce, "Ya Usman, a gaɓa kake. Sauke ƙafarka, yashi ne."

Ina! Sai da ƙarti biyu suka ɓamɓare shi suka fito da shi kamar buhu. Amma kifin yana bakinsa, ya cije shi ta tsakiya, tunda hannuwan sun ƙi sakin jirgi. Masunta suka yi ta tafi suna "Ya Rayyis! Ya Rayyis!" Mai hankali da ya ɓuya wata guda. Yaya kuwa ya karɓi sunan hannu biyu. Daga ranar in ka ce Usmanu sai ka maimaita, in ka ce Rayyis ko yana banɗaki zai amsa.

Ga rowa. Mutumin da ɗakinsa ke cike da kifi, a wurinsa sayen kifin ci asara ce. "Na ci yau, gobe ina yake?" Ranar da dangin mijin Suwaiba za su zo gaisuwar neman aure, Zulai ta ce sayadiyya za ta yi musu, shinkafa da soyayyen kifi, don mutanen Jidda ne na ainihi, ba a kai musu shinkafa tsirara. Ta haɗa abin da ta haɗa ta ba shi, ta ce ya je Bangala, kasuwar kifi, ya kawo najil manya. Ni ina madafa ina taya ta. Albasa ta soyu ta yi duhu yadda ake so, shinkafa ta sha, mai ya yi zafi a kasko. Shiru. Baƙi suka iso, aka ba su gahawa, aka ƙara musu. Can sai ga shi da kwando, an rufe da jiƙaƙƙen buhu, yana tafe yana murmushi.

Zulai ta ce, "Alhamdu lillahi. Miƙo, Malam, mai na ƙonewa."

Ta ɗaga buhun. Na ga bayanta ya sandare.

Na leƙa. Guda huɗu, fentinsu duk ya kaɗe, ɗaya ma ido ɗaya gare shi.

Ya ce, "Wani tsoho ne ya rasu, 'ya'yansa za su zubar. Zubarwa fa, Kulu! Da na makara kaɗan da sun tafi shara."

Na ce, "Kifin baƙi fa?"

"Kifi kullum akwai shi a Bangala."

"Baƙin ma kullum suna zuwa neman 'yarka?"

Ya tsaya yana tunani, kamar tambayar tana da wuya.

Gwangwanin tuna muka buɗe muka barbaza a kan shinkafar, muka rufe da soyayyar albasa da yawa, muka aika. Ni na ɗauka kunya za ta sa ya yi shiru. Sai muka jiyo muryarsa daga zaure, ya jera musu kifayen a gefen faranti yana bayani. "Ku dubi wannan, ku dubi shaidar haƙori a bayansa. Wannan abin da ya kamo a rayuwarsa, da za a tara, da ya ciyar da unguwa." Baffan ango ya dubi tunar da ke hannunsa ya ce, "Ma sha Allah. Ina ma ya kamo mana ɗaya yau." Yaya ya fi kowa dariya. Auren dai an yi, amma har gobe dangin nan in za su zo gidan Suwaiba sai sun tambaya ko su taho da kifinsu.

Kowace Juma'a da hantsi sai ya sauke su duka ya shafa musu man riɗi, man da Zulai ke ɓoyewa don girki. Yana shafawa yana kiran sunan wanda ya sassaƙa. Wannan na Amm Salim, Allah ya jiƙansa. Wannan na wani mutumin Jizan mai yatsu huɗu, Allah ya jiƙansa. Wannan na wani Batakari ɗan'uwanmu da teku ya cinye, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa rikita ko ɗaya ba. Amma ɗana Haruna ya shigo ya gaishe shi, sai ya juyo ya ce, "Wannan kuma na wane ne, Kulu?"

"Nawa ne, Yaya. Kai ka yi masa kiran salla a kunne."

"A'a! Ya girma."

Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, ruwa ya shiga gidajen Karantina, ya ɗauke kwandon da yake ajiye waɗanda bai gama gyarawa ba. Suka bi ƙofa suka fita lungu. Zulai tana ihu a zo a ɗaga buhun shinkafa, maigida yana waje da gajeren wando yana bin itace. Ya dawo jiƙe sharkaf, katifa ta tafi, shinkafa ta tafi, fuskarsa kamar wanda aka yi wa bushara. "Zulai, da kin ga yadda suke kaɗa wutsiya!" Ta ce, "Na gani. Allah ya sa su tafi da kai." Kwana biyu ba ta dafa masa komai ba, bai ma lura ba.

Sai kuma aka zo aka yi mana jan rubutu a bango. Ni ban yi karatu ba, amma kalmar nan duk Karantina mun iya karanta ta. Izala, wato za a rushe. Kowa ya kama ɗaure kaya. Yaya ya kira dabbab, ƙaramar motar kayan nan, ya ce sawu ɗaya za a yi, ba shi da abin biyan na biyu. Ya kwashe zannuwan Zulai na fita, har da na aurenta, ya naɗe kifayen ɗaya bayan ɗaya. Ya jera su a kujerar gaba kusa da direba, ya zauna a gefe ya tare su da hannu. Zulai kuwa aka ɗora ta a baya, tsakanin firiji da tukunyar gas, tana rungume da fanka.

Na tsaya a gaban motar na ce, "Yaya, ba ka da kunya? Matarka a baya da tsakar rana, itace a inuwa?"

"Ita fatarta ta saba da rana. Su fentinsu tashi zai yi."

"Allah ya shirye ka!"

"Ai na ba ta lema, Kulu."

Ya ba ta kuwa. Iska ta tafi da ita tun ba su kai titi ba.

Gidan hayar da suka koma ɗan ƙarami ne, a sama, maƙwabta ba wanda ya san wani. Mutanen Karantina an watse, masu zuwa su tsokane shi su ce "Rayyis, yau me aka kamo?" duk babu. Ya buga ƙusoshinsa, ya jera kayansa, ya zauna yana kallonsu. Maganarsa ta ragu. Daga baya ciwo ya zo, bai daɗe ba.

To, mu koma ɗakin. An gama da riguna, an gama da firiji. Malam Babikir ya ɗaga kai ya dubi bango ya ce, "Saura waɗannan." Sai Dahum ya tashi ya ɗauko ledarsa.

Ya ce, "Malam, waɗannan ba rabawa za a yi ba. Siffar abu mai rai ce. Ga ido, ga baki. Abuya yana kabari yanzu, ni ina tsoron a tambaye shi. A yanke kawunan, halas, sun koma itace, kowa ya huta."

Suwaiba ta ɗago daga waya. "Akwai mai gidan abinci a Abhur da ya daɗe yana so. Ya ce zai yi ado da su."

"Sayarwa ta fi muni. Ki ci kuɗin gunki?"

"Ni ban ce gunki ba."

Na ce, "Dahum, ubanka yana da rai shekara nawa, bakinka yana ina?"

"Na gaya masa, Gwaggo. Wallahi na gaya masa. Ya ce in na ƙara sai in bar masa gida."

Na dube shi da kyau. Zarton yana hannunsa, idon ya yi ja. Ba mugunta ba ce, yaron tsoro yake ji wa ubansa da gaske. Sai dai tsoron wawa ma ɓarna yake yi.

Abin da na lura da shi kuma, tun da aka zauna ake jin ƙarar carbin Zulai daga bayan labule. Ana fito da zarto ƙarar ta tsaya. Yatsun ƙafar nan da nake gani suka lanƙwashe suka kama tabarma. Matar da ta fi kowa tsine wa kifayen nan, wadda suka cinye mata zannuwa da man girki.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Kulu, ki ce wa yaron nan ni na saba da idanunsu. Shekara da shekaru suna kallona ina shara."

Dahum ya ce, "Ummi, don Abuya nake yi."



Duk muka juya wurin Malam Babikir. Shi kuwa ba a gaggauta shi. Ya kurɓi shayi, ya ajiye, ya gyara rawani.

Ya ce, "Malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan. Ni abin da na fahimta, abin da ake aiki da shi, a jefa shi a ruwa, kifi ya tauna shi, a yar a ƙasan jirgi, wannan ba girmama shi ake yi ba. Kayan sana'a ne, kamar gatari. Wanda aka ɗaga a bango ana shafa masa mai ana kallo, nan ne ake jin tsoro. Na sha gaya wa marigayi. Ya ce mini kayan aiki ne, hutu suke yi."

Dahum ya ce, "Hutun shekara arba'in."

"To, shi ne. In akwai mai kamun kifi a gidan nan, a sauke su a ba shi, babu laifi. In babu, maganar Abdurrahman tana da ƙarfi. Wa ke su a cikinku?"

Suwaiba ta ce mijinta ko kifin cikin faranti sai ta cire masa ƙaya. Dahum ya ce shi daga asuba har dare yana bayan sitiyari. Malam ya buɗe hannuwa, wato shi ya gama nasa.

Dahum ya miƙa hannu ya sauko da mai jan kan nan na Amm Salim. Ya kwantar da shi a bakin kujera, ya danne da gwiwa, ya ɗora zarto a wuyansa. Daga inda nake ina hango shaidar haƙoran Yaya a tsakiyarsa.

Na ce, "Ajiye."

"Gwaggo..."

"Na ce ajiye. Ni nake su."

Suwaiba ta saki waya a cinya. "Gwaggo, ke? Tun yaushe?"

"Daga gobe."

Dahum ya ce, "Ke da kike cewa a hura wuta da su a dafa shayi? Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba."

"Na faɗa. Yayana ne, ni na ga dama in faɗa. Kai wa ya ba ka?"

Malam Babikir ya yi gyaran murya. "Ya Hajja, kin san inda akwai ɗa namiji, 'yar'uwa ba ta da gado."

"Wa ya ce gado nake nema? Ni na taɓa cin ko allurar Usmanu? Aro nake nema. Ba kayan aiki ka ce ba? Ba a aron gatari?"

Gemun Malam ya motsa. Ya yi sauri ya kai kofi baki, kofin da ba komai a ciki. "Ana aro," in ji shi. "In masu kayan sun yarda."

Daga bayan labule aka ce, "Na ba da nawa." Suwaiba ta ce ita ma. Saura mai kaso babba, yana tsaye da zarto kamar kafinta da aka hana aiki.

Ya ce, "Wasa kike yi, Gwaggo. Ki kai su gidanki ki rataye, shi ke nan."

"Ba za su hau bango ba, ba kuma za su bar gidan nan ba. Ni ina nake da wuri? A bokiti za a zuba su, a bayan ƙofa, wurin tsintsiya. Kullum in zo in ɗauki na ɗauka. Malam, bokiti girmamawa ne?"

"Bokiti ba girmamawa ba ne."

"Zulai, kin ji?"

"Na ji. Ai kullum ina wurin tsintsiya."

Dahum ya ce, "Sai na gani da idona sun shiga ruwa."

"Za ka gani, tunda kai za ka kai ni. Mai da abin nan cikin leda, ka mayar wa wanda ka ara, kafin ka yanke yatsa."

Ni da Suwaiba muka sauke su. Nauyinsu ya ba ni mamaki. Duk shekarun nan ban taɓa yarda na taɓa ko ɗaya ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ji hon a ƙasa. Ya zo da wuri, don ya ga na fasa. Na sauko da abayata da takalmin roba, muka biya gidan Zulai na ɗauki mai jan kai, da wani zaren roba da na samu a cikin kayan Yaya, sabo fil, ko warware shi ba a taɓa yi ba. Ya kai ni wani wuri a hanyar Abhur inda ake tsayawa kan duwatsu ana fatsa. Maza ne jere, kowa da doguwar sandarsa mai walƙiya. Suka juyo gaba ɗaya suna kallon tsohuwa da itace a hannu. Na kalle su ɗaya bayan ɗaya har kowa ya tuna yana da abin yi.

A Jidda aka haife ni, a Jidda na tsufa, ban taɓa matsowa kusa da ruwan nan haka ba. Na ɗaure kifin da irin ƙullin da nake wa bakin buhu. Na wurwura na jefa, ya zagayo ya kama mayafina. Dahum ya zo ya cire, yana danne dariya. Na sake, ya faɗo a gindin dutse. Sai wani Bamisire da ke kusa ya kasa haƙuri, ya nuna mini da hannu yadda ake sakin zaren. Ban gode masa ba, amma na yi yadda ya nuna. Kifin ya tafi can, ya faɗa ruwa, ya nutse. Na riƙa jawowa a hankali, zaren yana yanka mini yatsa. Ya fito da ciyawar teku a ƙugiyarsa, yana ɗiga.

Dahum ya ce, "Bai kama komai ba, Gwaggo."

"Malam cewa ya yi a yi aiki da shi. Bai ce sai an samu ba. Kai da kake fita aiki kullum tun kana saurayi, me ka kamo? Har yau motar wani kake ja."

 Sai ya fashe da dariya, irin dariyar ubansa sak, har ya dafa gwiwa. Daga dariyar kuma ta juye, ya ja gefen ƙyallen kansa ya rufe fuska. Na bar shi ya gama. Ya ce zai makara. Na ce ya tafi, ya dawo ya ɗauke ni kafin rana ta yi zafi, kuma gobe ya zo da kujera, gwiwata ba ta son dutse.

Da motar ta tafi na zauna. Na ce, ya Allah, ga Usmanu nan ya zo maka. Ka san shi, ka san wautarsa, da ita ka halicce shi. Itace ya shafa wa mai, amma goshinsa kai kaɗai ya taɓa sa wa a ƙasa, ni shaida ce. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Zulai. In akwai ruwa a inda ka sauke shi, ka cire masa tsoro.

Na share fuska, na tsince ciyawar daga ƙugiya, na yi bisimilla na sake jefawa.